Uku Sun Isa

Litinin, 17 ga Afrilu, bayan azahar

Kwana na uku ke nan a Soba, gidan Halti Laraba, ƙanwar Inna. Na zo ranar Juma'a da niyyar in taya ta aikin buɗa-baki, in kwana ɗaya in koma unguwarmu Hajj Yusuf, sai gari ya waye ranar Asabar da ƙarar bindigogi, yaƙi ya ɓarke. Ba ni da kaya sai na jikina. Halti ta ba ni tob ɗinta, lafayar da matan nan ke naɗawa, ta ce na fi kyau a ciki, ni kuwa gani na yi kamar an naɗe taɓarya da labule.

Da Hausa nake rubutun nan, da baƙaƙen bokon da na koya a waya, don in littafin ya faɗa hannun wani kada ya gane komai. Da Inna tana raye da ta yi dariya har da hawaye. 'Yar da take wa magana da Hausa tana amsawa da Larabci, yau ita ce marubuciya.

Adam ya kira. Suna lafiya, shi da Baba Dabo. Kafin in tambayi mijina ko shi da mahaifina sun samu abin sahur, sai na ji bakina ya ce, "Rumbu fa?" Ya yi dariya, ya ce, "Ai na san matsayina a gidan nan, ya Duha. Rumbu na lafiya, ya gaishe ki."

Talata, 18 ga Afrilu, da hantsi

Rumbu akwati ne baƙi, bai fi tukunyar tuwo girma ba, da faifan ajiya na kwamfuta guda huɗu a cikinsa. Da shi muke sana'a. Adam ya ɗauko bidiyon biki, ni in yanka in haɗa. Inna ce ta raɗa masa suna, ta ce duk abin da ake zuba wa kaya ana rufewa a gidanmu rumbu ne.

Akwai bukukuwan mutane da yawa a ciki, Allah ya ba su haƙuri, amma ba su nake tunani ba. Inna Indo tana ciki, awa tara. Shekarar da ta rasu na zaunar da ita a gindin darbejiya ina ɗauka. Ta yi waƙoƙin tsinkar auduga na Jazira, ta ba da labarin kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka suka tsaya a hanya, ta yi ta zolayar Baba yana yi kamar bai ji ba. Kullum ina cewa zan kwafa in ajiye wani wuri. Kullum akwai amaryar da ke jiran bidiyonta.

A wayata daƙiƙa goma sha ɗaya kawai ke akwai. Inna tana gyara ɗankwali, ta dubi kyamara ta ce, "Kin kunna abin?" Sai ta yi dariya. Shi ke nan.

Laraba, 19 ga Afrilu, bayan la'asar

Babu wuta, babu shabaka, layin waya ya ɗauke. Halti ta ce mu matsar da gadaje daga jikin taga.

Alhamis, 20 ga Afrilu, dab da magariba

Baba ya iso. Shi kaɗai, a bayan amalanken wani mai kayan miya, ya tsallako ta gadar Soba yana rungume da Rumbu kamar jariri. Na yi ta sumbatar hannunsa yana cewa, "Halas, ya isa haka, 'yar Indo, ai ban mutu ba tukuna."

Na karɓi akwatin na ji shi sakayau. Na buɗe. Babu faifai ko ɗaya a ciki, sai busasshiyar kuɓewa da maganin hawan jinin Baba da carbinsa. Ya zura hannu a aljihun 'yar shara ya fito da faifai guda, a naɗe cikin hankici, ya miƙo mini yana murmushin wanda ya yi abin kai.

Masu bindiga sun fara shiga gidaje a unguwarmu, don haka ya yanke kowa ya tashi. Ya taɓa ganin yadda nake zare faifan, sai ya zare su duka huɗu ya raba. Ɗaya a aljihunsa. Ɗaya ya ba Yaya Salih, wanda ya kwashi iyalinsa a raksha, keke mai ƙafa uku, ya nufi Jazira. Ɗaya ya sa a leda ya binne a ƙarƙashin randar ruwa. Na huɗun ya danƙa wa Adam, wanda ya tafi Omdurman ɗauko mahaifiyarsa, Hajiya Nana A'isha.

"Haka ubana ya yi a hanya," in ji Baba. "Irin gero da takardun tafiya, bai taɓa barin su a hannun mutum ɗaya ba. Ya raba wa mutum huɗu. In an tare ɗaya, uku sun wuce. In an tare uku, ɗaya ya wuce da rabonsa."

Na ce, "Baba, Adam bai ce maka komai ba?"

"Me zai ce? Na sa masa a hannu ya ce, To, Baba. Yaron nan akwai kunya."

Akwai kunya kam. Shekara shida da aurenmu, Adam bai taɓa cin abinci a gaban Baba ba, balle ya buɗe baki ya ce masa ba haka ake yi ba.

Juma'a, 21 ga Afrilu, da safe

Sallah. A tsakar gida muka yi, Baba ne liman. Halti ta soya ɗan abin da ta samu.

Bayan mun ci na zauna yi wa Baba bayani, don ya dame ni da tambayar me ya sa fuskata ta ƙi sakewa. Na ce masa faifan Rumbu ba kamar irin gero ba ne, da kowa zai shuka nasa rabon. Abin da masu sana'ar ke kira RAID hanya ce ta haɗa faifai su yi aiki kamar guda, kuma akwai tsari iri-iri. Wanda Adam yake so shi ne tsaga zalla: a yanka kowane bidiyo ƙanana-ƙanana a watsa a faifai huɗun, su riƙa rubutu da karatu a lokaci ɗaya, kamar mata huɗu a turmi guda. Sauri ba a magana. Amma in ɗaya ya lalace, duka sun tafi, don babu faifan da ke riƙe da cikakken abu. Ni kuwa madubi nake so: duk abin da aka rubuta a wannan a rubuta shi a wancan. Rabin wurin ya tafi a banza, amma hankali a kwance.

Sati guda muka yi muna wannan gardama lokacin da muka sayi akwatin, har Inna ta ce in ba mu daina ba za ta zuba masa ruwa. A ƙarshe muka tsaya a tsakiya. Ana tsagawa, amma kowane faifai yana ajiye ɗan lissafin 'yan'uwansa, ta yadda in ɗaya ya ɓace, ukun za su iya sake gina abin da ke cikinsa. Adam ya yi ta ƙunƙuni wai rubutu ya yi nauyi, na ce ya sha shayi kafin ya gama.

Baba ya ce, "Wato wanda ke aljihuna, shi kaɗai, babu Indo a ciki?"

Na ce akwai ta, amma a gutsure, yadda ba mai iya ji.

"Nawa ake bukata?"

"Uku, Baba. Uku sun isa."

Ya ƙirga a yatsunsa, ya ce to ai da sauƙi. Na ga ya juya baya yana gyara hularsa fiye da yadda take bukata.

Lahadi, 23 ga Afrilu, da rana

Shabaka ta dawo na minti kaɗan, Adam ya samu shiga. Ya isa Omdurman, Hajiya lafiya, amma gadoji ba sa tsallakuwa yanzu. Muryarsa ta dushe. Na ce ya ci abinci, ya ce in daina yi masa kamar uwarsa, guda ɗaya ta ishe shi. Sai ya ce, "Duha, akwai maganar da zan faɗa miki game da Rumbu." Layin ya yanke a nan. Na kira sau ashirin da biyu.

Na san maganar. Haƙuri zai ba ni don bai hana Baba ba. Ya riƙe haƙurinsa, ya kawo mini da bakinsa.

Talata, 25 ga Afrilu, da hantsi

Ɗaya a hannu. Uku sun isa.

Alhamis, 27 ga Afrilu, bayan azahar

Wafa'a maƙwabciyarmu ta biyo ta nan da 'ya'yanta, za su kudu. Baba ya faɗa mata wurin da ya binne faifan kafin ya taso, ita kuma baiwar Allah ta shiga ta tone. Ta ciro ledar daga cikin garin dawa ta miƙo mini, hannunta fari fat.

Na tambaye ta gidan. Ta ce, "Randar tana nan." Na ce ɗakin aiki fa, da kyamarar Adam, da keken ɗinkin Inna? Ta sake cewa, "Randar tana nan, ya habiba." Ban ƙara tambaya ba. Mun ba su ruwa da kisra, wainar dawa ta nan, suka wuce.

Biyu a hannu. Na share ƙurar garin da gefen tob, na jera su a cikin akwatin tufafin Halti. Da jan farce na rubuta musu lamba tun farko. Waɗannan su ne na ɗaya da na uku. Na biyu yana wurin Yaya Salih. Na huɗu bai kira ba.

Asabar, 29 ga Afrilu, da safe

Baba da Halti sun wuni suna faɗa a kan gishiri. Ita ta ce tun yana saurayi bai san daɗin miya ba, yayarta ce kawai ta iya haƙuri da shi. Shi ya ce ai da ita aka ba shi da ya koma ƙasar Hausa da ƙafa. Wasan miji da ƙanwar mata, shekara arba'in ba su gaji ba. In ƙarar nan ta taso daga wajen gari sukan yi shiru tare, in ta lafa su ɗora daga inda suka tsaya.

Ina son tsofaffin nan har cikin raina. Ban san yadda zan yi da makonnin nan ba da babu su.

Lahadi, 30 ga Afrilu, bayan la'asar

Na huɗu bai kira ba.

Talata, 2 ga Mayu, da rana

Yaya Salih ya kira daga Jazira da wayar wani. Sun isa, shi da matarsa da yara, kowa da ransa. Rakshar ba ta isa ba. Jakar ma ba ta isa ba. Waɗanda ke tsaye a hanya sun zazzage ta, suka ga faifan suka tambaya mene ne, ya ce muryar uwarsa ce. Suka yi dariya suka jefa a motarsu.

Yana ta cewa, "Malesh, Duha, malesh," yana ba ni haƙuri, babban mutum yana kuka a wayar mutane. Na ce, "Yaya, kai ne kake numfashi, shi ƙarfe ne. Kuma ai don irin wannan ranar na yi sati ina gardama da Adam. Ɗaya ya tafi, ba komai. Uku sun isa."

Yanzu babu sauran rara. Inna tana aljihun Adam, Adam kuma yana can ƙetaren kogi.

Alhamis, 4 ga Mayu, da hantsi

Halti ta kama ni na buɗe akwatin tufafi ina kallon faifan. Ta ce, "Ke, wai ƙarfen kike jira ko mai ƙarfen?" Na ce duka. Ta ce, "Faɗi gaskiya, ba kowa a nan sai ni." Na kwantar da kai a cinyarta. Ƙamshinta irin na Inna ne, hayaƙin itacen ƙamshi da man riɗi.

Juma'a, 5 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Kwana goma sha biyu. Ya ce akwai maganar da zai faɗa mini, kuma Adam ba ya barin magana a rabi. Ko labarin ƙwallo ya fara sai ya kai ƙarshe, ko da kowa ya tashi ya bar shi.

Lahadi, 7 ga Mayu, da safe

Uku sun isa. Uku sun isa.

Talata, 9 ga Mayu, bayan azahar

Ya dawo.

Ina wanke-wanke na ji sallama a bakin ƙofa, da muryar da ban gane ba sai da ta maimaita. Ya rame har wuyan jallabiyarsa ya yi masa yawa. Takalmansa ba iri ɗaya ba ne. Na tsaya da kumfa a hannu na kasa motsi, sai Halti ce ta ture ni ta ce, "Je ki mana, ko sai an kawo miki shi a faranti?"

Ya sa Hajiya a motar da ta nufi arewa tare da ƙanwarsa, sannan ya zagayo ta kudu, ta Jabal Auliya. Wayarsa ta tafi jim kaɗan bayan kiranmu na ƙarshe. Kwana uku na ƙarshe da ƙafa ya yi su, don motoci ake tsayarwa a zazzage. Na zuba ruwan ɗumi da gishiri a kwano na sa ƙafafunsa. Abin da na gani a tafin ƙafar nan ba zan rubuta ba.

Ya jira Baba ya shiga ɗaki, sannan ya ɗage jallabiya. Ya ɗaure faifan a cinyarsa da tsumman tob ɗin Hajiya, har wurin ya yi ja ya saɓule. Lamba huɗu, da jan farcena. Na riƙe shi da ɗuminsa.

Laraba, 10 ga Mayu, da hantsi

Maƙwabcin Halti mai sola ya yarda mu jona Rumbu awa ɗaya. Na zazzage kuɓewar Baba, na hure ƙura, na fara jera faifan. Adam yana zaune a kan gado, ƙafafu a naɗe. Ya ce, "Ina na Yaya Salih?" Na ce masa kada ya damu, uku sun isa.

Ya ce, "Duha, zauna."

Ga maganar da layi ya yanke. A watan Sha'aban bukukuwa sun yi mana yawa, amare bakwai suna jira kafin azumi, Rumbu ya cika kuma yana jan ƙafa. Satin da na yi zazzaɓi, sai ya ari babban faifai wurin abokinsa Amjad, ya kwashe komai, ya mayar da Rumbu tsaga zalla, ya dawo da kayan. Na Amjad ya mayar masa, shi kuma ya goge ya zuba nasa aikin. Niyyarsa bayan Sallah ya gyara kafin in lura. Na tuna har yabon akwatin na yi da na warke, na ce ya yi sauri kamar an yi masa allura.

"Huɗun ake bukata," in ji shi. "Duka. Ranar da Baba ya zare su na so in yi magana, wallahi na so. Ya sa mini a hannu yana kallona, na kasa. Shi ya sa ban hau mota ba. Na ce in dai nawa ya iso, sauran suna hannun 'yan gida." Ya dube ni. "Yaya Salih zai iya aikowa, ko?"

Na dubi ƙafafunsa. Na so in ce e, in bar shi ya warke tukuna. Amma shekara shida ban taɓa iya yi masa ƙarya ba, fuskata ce ke tona ni. Na faɗa masa.

Ya ja mayafi ya rufe kansa, kafaɗunsa suna rawa. Na tashi na je na gaya wa mai sola mun gode, ba ma bukata.

Laraba, bayan la'asar

Awa tara.

Alhamis, 11 ga Mayu, da rana

Ban yi masa magana ba tun jiya. Na kai masa abinci na ajiye, na canza masa ruwan gishiri, na fita. Ina fushi da shi, ina fushi da Baba da dabarar ubansa, na fi fushi da matar da ta yi shekara tana cewa za ta kwafa gobe. Da na juya zan fita ya riƙo bakin tob ɗina, ni kuma ban fizge ba. Mun daɗe a haka.

Baba ya ji komai ta taga. Bai ci abincin rana ba.

Juma'a, 12 ga Mayu, da hantsi

Halti tana tankaɗen garin dawa a gindin bango, sai na ji ta fara a hankali, kamar da kanta take yi:

Audugar Jazira fara ce fat,
mai tsinkar ta ne ya yi baƙi.

Waƙar Inna ce. Muryar ba ta Inna ba ce, ta fi kauri, kuma tana jan ƙarshen baiti yadda Inna ba ta yi. Na fito na zauna kusa da ita. Baiti na biyu ni na tuna mata, don na saurare shi sau ɗari ina yanka bidiyon. Adam ya lallaɓo da bin bango, ya zauna a ƙasa, ya miƙo hannu. Na ba shi wayata. Ya riƙe ta da hannu biyu yadda yake riƙe kyamara, ya ce, "Wannan in mun gama, cikakkiya za a aika wa kowa. Yaya Salih, da Wafa'a, da ƙanwata. Kowa cikakkiya." Na ce Allah ya sa ɗalibi ya gane karatu. Wannan ce maganar farko da na yi masa.

Mun kai baiti na huɗu muka maƙale. Shi ne wanda Inna take tsokanar Baba a ciki, wai ya wuni a gona ya cika buhu da inuwa. Halti ta san farkonsa, ni na san ƙarshensa, tsakiyar ta ɓace mana. Muka gwada sau uku ba ta zo ba, Adam ya sauke wayar.

Baba yana kan tabarma ya ba mu baya, yana jan carbi. Mutumin da shekara arba'in in an fara waƙar nan yake tashi ya bar wurin, wanda ban taɓa jin ya rera ko waƙar yara ba. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ba haka take ba. Kun tsallake wurin jakin."

Halti ta ce, "To malam, zo ka gyara mana."

Ya ajiye carbin, ya juyo, ya gyara zaman hularsa da hannu biyu. Ya dubi wayar da ke hannun Adam, ya dube ni.

Ya ce, "Kin kunna abin?"